Wasiƙa Zuwa ga Auta: Tangal-tangal ɗin Gida Ya Tsaya a Gida

Kano



Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zaman Legas da cunkosonta? Mu nan gida lafiya lau, Alhamdu lillahi. Hajiya ta samu sauƙin ƙafar har ta fara fita unguwa, kuma ba ta gajiya da tambayar ko aikin dare yana barin ka ka ci abinci a kan kari.

Na saurari saƙon muryarka har ƙarshe, na tsinci abu biyu a ciki. Na farko murna, tunda an ba ka izinin shiga rawutocin cibiya. Na taya ka murna ƙwarai, don ba kowane sabon injiniya ake damƙa wa wannan amana ba. Na biyu kuwa ɓacin rai ne. Ka ga layi ɗaya tak a saiti yana neman gyara, oganku ya ce ba za a taɓa ba sai ka rubuta, wani ya duba, sannan a jira tsakar dare. Ka kuma kawo zancen wayar nan da ta kwana tana faɗuwa tana tashi, ka ce ka rasa abin da ya tayar wa manyanku hankali haka a kan waya guda, alhali akwai ta ajiya. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto maka. Ka karanta a natse ranar hutunka.

A babban netwok, rana ba ta fitowa ta faɗi wani abu bai lalace ba. Buldoza za ta tsinke faiba, janareta zai mutu, kati zai ƙone a cikin rawuta. Wannan ba mai iya hana shi. Aikin da aka ɗauke ka dominsa shi ne ka tsare ƙaramar matsala a inda ta faru, kada ta zama labarin da rawutocin gidanku da na duniya za su kwana suna juyawa. Duk abin da zan faɗa maka nan gaba, wannan maganar nake warwarewa.

Ka san BGP a littafi, amma ka tuna asalinsa. A shekarar 1989, a wajen wani taron injiniyoyin intanet a Amurka, Kirk Lougheed na kamfanin Cisco da Yakov Rekhter na IBM suka zana shi a kan takardun goge hannu lokacin cin abinci. A wancan zamani masu kula da netwok kaɗan ne, sun san juna da suna, don haka aka gina tsarin bisa yarda: abin da maƙwabci ya faɗa, an ɗauka. Yau kamfanoni da hukumomi sama da 70,000 ne ke musayar hanyoyi da shi, teburin hanyoyin IPv4 kuma ya kai wajen miliyan ɗaya. Duk da haka maganar rawuta a kan hanya iri biyu ce kawai. Ko ta ce tana da hanya zuwa adireshi kaza ta wajen wane da wane, ko ta ce ta janye. Duk rawutar da ta ji ɗaya daga cikin biyun sai ta sake lissafi, in zaɓinta ya canza ta faɗa wa maƙwabtanta, su ma su faɗa wa nasu. Ke nan waya guda da ke faɗi-tashi a bayan Ikeja tana iya sa rawuta aiki a Landan da Singafo, muddin ba a tare labarin ba.

An daɗe da gane haka. A 1997 Craig Labovitz da Robert Malan da Farnam Jahanian na Jami'ar Mishigan suka fitar da sakamakon sauraren da suka yi wa manyan mahaɗun intanet na Amurka. Teburin duniya a lokacin wajen hanyoyi 45,000 ne, amma saƙonnin canji da ke yawo a rana ɗaya sun kai miliyan 3 zuwa miliyan 6. Da suka tace, sai suka tarar kusan kashi 99 cikin 100 ba su ɗauke da labarin wani canji na gaske. Mafi yawansu janyewa ce ake ta nanatawa: rawuta ta janye hanyar da ta riga ta janye, ko wadda ba ta taɓa sanar da ita ba, saboda manhajar wasu rawutocin ba ta riƙe abin da ta faɗa wa maƙwabci a baya. Da masu ƙera rawutoci suka gyara manhajarsu, surutun ya ragu sosai.

A shekarar 2000 Labovitz da abokan aikinsa suka sake gano wani abu da ya fi wancan wuyar magani, wato labarin mutuwar hanya yana jan ƙafa kafin ya game duniya. Ka ɗauka wani gari ne da ba a shigarsa sai ta gada ɗaya, ruwa ya zo ya cinye gadar. Direban da ya saba bi ta gabas ya ji an ce hanyar gabas ba ta kaiwa. Ba wanda ya ce masa gada ce ta karye, sai ya tuna wani abokinsa ya taɓa cewa akwai hanya ta kudu, ya juya kan mota, har yana kiran na bayansa su biyo shi. Ita ma ta kudun a bakin wannan gada take ƙarewa. Sai ya gwada ta yamma, wadda ta fi tsawo. Ba zai yarda garin ba ya shiguwa ba sai ya ƙare duk hanyoyin da ya taɓa jin labarinsu. Haka BGP yake yi, domin saƙon janyewa ba ya zuwa da dalili. Kowane gwaji sabuwar sanarwa ce ga maƙwabta, kuma ƙa'ida ta tanadi jiran daƙiƙa 30 tsakanin sanarwa da sanarwa. Masu binciken suka auna, suka ga komawa kan hanyar ajiya tana cin wajen minti 3, wani lokaci har minti 15. A duk tsawon wannan lokaci, datar mutane tana zagaye ko tana zubewa.

Magabata sun nemi maganin hanya mai faɗi-tashi, kuma labarin maganin kansa abin sani ne. A 1998 aka fitar da kundin ƙa'ida mai lamba RFC 2439, wanda ya kawo tsarin ci wa hanya tara. A saitin Cisco na asali, duk lokacin da aka janye hanya sai a rubuta mata maki 1000. In makin ya haura 2000, rawuta ta daina sauraronta. Makin yana raguwa da rabi duk minti 15, ba za a sake karɓarta ba sai ya sauko ƙasa da 750, kuma horon ba ya wuce awa ɗaya. A takarda abin ya yi kyau, kamfanoni suka rungume shi. Sai a 2002 Morley Mao da wasu malamai uku, cikinsu har da Ramesh Govindan wanda da hannunsa aka rubuta tsarin, suka nuna cewa laluben hanyoyin nan da na faɗa maka yana sa faɗuwa ɗaya tak ta bayyana a nesa kamar faɗuwa da yawa. Hanya mai lafiya, wadda ta ɗauke na minti ɗaya ta dawo, sai a kulle ta kusan awa guda. A 2006 ƙungiyar RIPE ta Turai ta ba da shawarar a kashe tsarin, a 2013 kuma ta dawo da shi bisa sharaɗin a ɗaga iyakar zuwa aƙalla 6000, yadda sai hanyar da ta addabi jama'a da gaske za ta faɗa tarkon. In ka tarar da wannan saiti a rawutocinku, ka duba lambobin, don wataƙila tun zamanin da aka ɗora su ba wanda ya waiwaye su.

To, mu zo kan wayar da ta hana ku barci. Faibar da ta tsinke gaba ɗaya ita ce mai sauƙi: hanya ta mutu, an koma ta ajiya, da safe a tura masu haɗi. Mai wahalar ita ce wadda aka murɗe ko aka danne ba ta tsinke ba, irin wadda masu aikin titi suka tono suka bari a fili, duk tirelar da ta wuce sai ta girgiza ta. Buɗe rajistar rawuta ka karanta a hankali. Layi ya faɗi. Bayan 'yan daƙiƙu ya tashi. OSPF, tsarin hanyoyi na cikin gida, ya sake ƙulla maƙwabtaka, kowace rawuta a yankin ta sake lissafin gajeriyar hanya, BGP ya ga nisan mafita ya canza shi ma ya sauya zaɓi, kafin a gama wannan layin ya sake faɗuwa. Leƙa ƙarfin hasken da ke isowa, za ka gan shi yana lilo a daidai iyakar abin da na'urar ke iya gani, lambar kurakurai kuma tana ta hawa. Wayar ajiyar da kake taƙama da ita ba ta samu damar yin aikinta ba, domin duk sanda mara lafiyar ta ɗago kai sai data ta koma kanta. Abin yi a irin wannan dare shi ne ka kashe ta da hannunka, ko ka tsawwala mata farashi a lissafi har kowa ya guje ta, sai an gyara an gwada.

Ga ƙa'ida ta farko da nake so ta zauna maka: ka yi saurin yarda cewa hanya ta mutu, ka yi jinkirin yarda cewa ta farfaɗo. Tsarin sa ido na BFD yana iya gano mutuwar layi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wannan alheri ne. Amma dawowa sai an sa mata wa'adi, layin ya tsaya da ƙafarsa na wani lokaci kafin a ɗora masa kaya. Kuma kada ka matse agogon BFD a kan layin rediyo da ke raunana duk sanda hadari ya haɗo, in ba haka ba kai da kanka za ka ƙirƙiro faɗi-tashin da kake gudu.

Na biyu, ka dunƙule sanarwarka. Babban rukunin adireshin da hukumar AFRINIC ta ba ku, a sanar da shi ga duniya a dunƙule, a kafe shi a cibiya yadda ba zai taɓa janyuwa don layin wani kwastoma ya faɗi ba. Ƙananan yankunan da kuka rarraba wa kwastomomi su yi faɗi-tashinsu a cikin gida. Geoff Huston na APNIC ya shafe shekaru yana auna saƙonnin BGP na duniya, kuma abin da yake gani a kai a kai shi ne 'yan hanyoyi ƙalilan ne ke haddasa kaso mai tsoka na surutun. Kada lambar kamfaninku ta shiga wannan sahu.

Sai kuma guguwar da ke ciyar da kanta. Rawutoci biyu da ke zaman BGP suna aika wa juna ɗan saƙon "ina nan" lokaci-lokaci. In wa'adin jira ya cika ba a ji shi ba, daƙiƙa 90 a shawarar ƙa'ida, 180 a saitin Cisco, sai a rushe zaman, a janye duk hanyoyin da aka koya ta wajen. Rawutar da aiki ya yi wa yawa, ko layin da ya cushe, na iya sa wannan ɗan saƙo ya makara. Zama ya rushe, a sake ƙullawa, a juye mata tebur mai hanya miliyan, aiki ya ƙaru, wani zaman kuma ya rushe. Ka tuna 14 ga Maris, 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, datar ƙasashe ta koma tana turereniya a kan abin da ya rage. A irin wannan rana ake gane kamfanin da ya ba saƙonnin BGP fifiko a kan sauran kaya da wanda ya bar su a layi ɗaya da bidiyon kowa.

Wani lokaci saƙo ɗaya ne ke tayar da guguwar. A watan Fabrairun 2009 wani ƙaramin kamfani a ƙasar Cek mai suna SuproNet ya so ya tsawaita hanyarsa ta ajiya don kada a riƙa binta, ta hanyar maimaita lambarsa a jerin lambobin kamfanonin da hanyar ta ratsa. Gurbin da ke rawutarsu ta MikroTik yana tambayar sau nawa za a maimaita, sai aka rubuta lambar kamfanin kanta, 47868. Na'urar ba ta ƙi ba. Ta raba da 256, ta riƙe ragowar, 252, ta maimaita lambar sau 252. Da jerin ya ƙara tsawo a hanya ya haura 255, sai ya taɓo wani aibi a manhajar wasu rawutocin Cisco, suka riƙa fitar da gurɓataccen saƙo. Ƙa'idar wancan lokaci kuwa ta ce duk wanda ya karɓi gurɓataccen saƙo ya rushe zaman baki ɗaya. Aka rushe, aka ƙulla, saƙon ya sake isowa, aka sake rushewa, a ƙasashe da dama. Sai a 2015 RFC 7606 ya sauya hukuncin, ya ce a mafi yawan lokuta a jefar da hanyar da ta gurɓata kaɗai a bar zaman. Shi ya sa muke iyakance tsawon jerin da za mu karɓa, kuma ba ma wasa da sabunta manhaja.

Akwai kuma tangal-tangal ɗin da ba ruwansa da waya ko wuta, wanda manyan kamfanoni irin naku ne ke gamuwa da shi. A ƙa'ida kowace rawutar BGP ta cikin gida sai ta yi zama da kowace 'yar'uwarta, rawuta 100 ke nan zama 4,950. Ba mai iya ɗaukar wannan, sai aka naɗa 'yan kaɗan su riƙa karɓar hanyoyi suna maimaita wa saura. Sai dai mai maimaitawar ba ta faɗin duk abin da ta sani, zaɓinta ɗaya kawai take miƙawa. Ga kuma lambar MED, wadda maƙwabci ke liƙa wa hanya don nuna ƙofar da ya fi so a shigo masa, ba a gwada ta sai tsakanin hanyoyin da suka fito daga maƙwabci ɗaya. In waɗannan biyu suka haɗu, sai ka ga hanya ta farko ta fi ta biyu, ta biyu ta fi ta uku, ta uku kuma ta fi ta farko. Wannan rawuta ta canza zaɓi, canjin ya ɓoye wa waccan abin da ta dogara da shi, ita ma ta canza, sai ta farkon ta koma inda ta taso. Ba wayar da ta tsinke, ba jar fitila ko ɗaya, amma hanya tana juyawa dare da rana. An bayyana wannan ciwo a RFC 3345 tun 2002. Ana magance shi da daidaita MED a bakin iyaka, ko a sa a gwada ta a kan kowace hanya bai ɗaya, ko a bar masu maimaitawa su miƙa hanya fiye da ɗaya. In ka ga shekarun wata hanya a tebur ba sa wuce 'yan daƙiƙu alhali komai lafiya, nan za ka fara dubawa.

Yanzu ga maganar layi ɗaya da ka ce bai kai a tara mutane a kansa ba. Ranar 25 ga Oktoba, 2021, da hantsi, intanet ɗin kamfanin KT ya ɗauke a faɗin Koriya ta Kudu na tsawon minti 89. Da farko kamfanin ya ce hari aka kawo masa, daga baya ya janye maganar. Binciken gwamnati ya gano ana sauya wata rawuta ce a Busan, aka manta umarnin fita guda ɗaya a cikin saiti, sai hanyoyin BGP suka kwarara cikin IS-IS, tsarin cikin gida da ba a gina shi don ɗaukar irin wannan kaya ba. Aikin na dare ne aka yi shi da rana, rawutar kuma tana haɗe da sauran netwok.

Ranar 8 ga Yuli, 2022, irin haka ta faru da Rogers a Kanada. Suna mataki na shida cikin bakwai na wani gyara, aka cire filta ɗaya, teburin duniya ya malalo kan rawutocin cibiya har suka sume. Mutane sama da miliyan 12 suka rasa waya da intanet, biyan kuɗi da kati ya tsaya a shaguna, wasu suka kasa kiran lambar agajin gaggawa. Matakan baya sun tafi lafiya, shi ya sa aka ɗauki wannan a matsayin mai ƙaramin haɗari. Ma'aikatan kansu layin kamfanin suke riƙe da shi, don haka neman juna ma ya zama aiki. A Ostareliya kuwa, ranar 8 ga Nuwamba, 2023, hanyoyi masu yawa suka shigo wa Optus daga netwok ɗin uwar kamfaninsu bayan wani sabunta manhaja, suka haura iyakar da ke saitin asali, rawutoci da dama suka yanke kansu don kariya, kwastomomi wajen miliyan 10 suka wayi gari ba sabis. Iyakar yawan hanyoyi abu ne mai kyau, amma a bakin ƙofa ake sa ta, inda zaman maƙwabci ɗaya ne zai faɗi, kuma dole ka san lambar da ke ciki da abin da rawuta za ta yi in an haura ta.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kamfanin MainOne na Legas, wanda ke musayar hanyoyi da Google a mahaɗar IXPN, ya saki hanyoyin Google sama da 200 zuwa ga China Telecom. Su kuma suka karɓa suka miƙa gaba, har datar masu neman Google daga wasu sassan duniya ta riƙa bi ta Rasha da Sin tana ɓacewa. Minti 74 aka yi. Jaridun waje suka fara zancen leƙen asiri, sai MainOne ya fito fili ya ce kuskuren saitin filta ne a lokacin wani gyara da aka tsara. Wannan fitowa da gaskiya abin koyi ce. Ka lura kuma ƙofa biyu ce ta kasance a buɗe, ta wanda ya saki da ta wanda ya karɓa bai tace ba. Da ɗaya ta rufe, da ba wanda ya ji labarin.

Za ka ji ana cewa RPKI, tsarin rajistar da ke nuna wanda ke da izinin sanar da kowane adireshi, ya magance wannan duka. Ka yi masa rajistar adireshinku, ka kuma sa rawutocinku su ƙi hanyar da ta saɓa masa, domin yana tare irin abin da ya faru ranar 24 ga Fabrairu, 2008, lokacin da Pakistan Telecom ya sanar da wani yanki na adireshin YouTube da sunansa, shafin ya ɓace wa duniya wajen awa biyu. Amma abin da RPKI ke tantancewa shi ne wanda hanya ta taso daga wajensa. A lamarin 2018 sunan Google na nan daram a tushen hanyar, don haka da ta wuce. Abin da ke tare irin wannan shi ne tsohon aikin hannu: filta a kan kowane kwastoma, alama a kan kowace hanya da ke nuna daga inda aka koyo ta, da dokar cewa abin da ka ji daga abokin musaya ba ya hawa sama zuwa ga wanda kuke sayen hanya a wajensa. RFC 8212 na 2017 ya ce rawutar da ba a rubuta mata doka ba kada ta karɓa, kada ta bayar. Ka tabbata naku haka suke.

Ka ga ke nan oganku ba raina iliminka ya yi ba. Waɗannan kamfanoni duk suna da ƙwararru da na'urori masu tsada, kuma abin da ya kayar da su bai fi girman layin da kake son gyarawa ba. Idon mutum na biyu yana ganin abin da marubuci ya tsallake. Tsakar dare tana rage yawan waɗanda za su cutu. Rubutawa kuma tana tilasta maka ka yi tunanin komawa baya tun kafin ka shiga.

Don haka kafin ka danna komai a rawutar cibiya, ka amsa wa kanka tambaya uku. Wace sanarwa ce za ta fita daga wannan rawuta bayan na danna? Wa zai ji ta, kuma me zai tare ta in ta fi abin da na nufa? In gyaran ya yanke ni daga rawutar, ta ina zan shiga? Wannan ta ƙarshen kada ka raina ta. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa shida, abin da ya ƙara ja musu lokaci shi ne hanyoyin da injiniyoyinsu ke shiga daga nesa sun tafi tare da netwok ɗin, sai da aka tura mutane cibiyoyin da ƙafarsu. Ka fara gyara a rawuta ɗaya, ka tsaya ka duba, sannan ka wuce ta gaba. Ka yi amfani da umarnin da ke mayar da tsohon saiti da kansa in ba ka tabbatar ba. Ka saba leƙa kamfaninku daga waje ta RIPE RIS ko RouteViews na Jami'ar Oregon, don ka ga abin da duniya ke ji daga bakinku. In an buɗe horon ngNOG ko AfNOG ka nemi a tura ka, ka dawo da lambobin wayar takwarorinka, domin ranar rikici kiran mutumin da ya san muryarka ya fi saƙon imel goma. In kuma wani abu ya kuɓuce ta hannunka, ka faɗa nan take, kafin a ɓata lokaci ana neman maharin da babu shi.

Auta, mutanen da ke bayan waɗannan rawutoci ba za su taɓa sanin sunanka ba. Mai POS ne a bakin Kantin Kwari da layin mutane a gabansa, ɗaliba ce a gaban kwamfuta ranar jarrabawar JAMB, magidanci ne a asibiti yana jiran kuɗin magani su shigo. Haƙƙinsu yana wuyanka duk daren da kake bakin aiki. Ina roƙonka ka zama injiniya mai haƙuri, wanda ba ya faɗa wa maƙwabci abin da bai tabbatar ba, kuma ba ya karɓar abin da bai tace ba. Ka bi tsarin gidanku ko da ka ga kamar yana ja maka lokaci, in kuma ka ga inda yake da rauni ka rubuta ka kai wa manya cikin ladabi.

Matata da yara suna gaishe ka, suna tambayar ko za ka zo Sallah. Ka gaida abokan aikinka. Allah Ya yi maka jagora, Ya sa albarka a aikin, Ya tsare hannunka daga gaggawa.

Wassalam.

Naka,
Yayanka